Cibiyar Dairon

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Ruwa ya shigo har ƙarƙashin gida da asuba. Ina kwance ina jin yana dukan dirkoki, katakon ɗaki yana amsawa. Da ya janye na sauka na duba. Bishiyar tana tsaye.

Ba wai na yarda da maganar tsofaffi ba ne. Ni Eulalia na yi makaranta, na san camfi in na gan shi. Amma a gindin kwakwar nan ungozoma ta binne cibiyar ɗana Dairon, ta ɗora kwakwa mai tsiro a kai, yadda ake yi wa kowane ɗa a San Telmo. Ta Wilfrido, ɗan maƙwabciyata Baudilia, tana gefenta, don a wata ɗaya muka haihu. Lokacin da aka shuka su, tsakaninsu da teku akwai layuka uku na gidaje da filin ƙwallo. Yanzu su ne a bakin ruwa, sai gidajenmu a bayansu.

Tsofaffi suna cewa abin da ya sami bishiya ya sami mai ita. Suna faɗin abubuwa da yawa.

Dairon da Wilfrido sun ce sati biyu za su yi. An shiga na huɗu. Kamun kifi ne a nesa, haka nake gaya wa duk wanda ya tambaya, kuma ba mai tambaya sau biyu.

Alhamis, 5 ga Satumba, da rana

Yayana Floresmiro ya zo, kamar kullum daidai lokacin da nake sauke bandar kifi. Shi ne kafintan garin. Shi yake jagorantar gayya idan za a kwance gida a kai shi tudu, yana bin katako ɗaya-ɗaya yana yi masa alama da alli don kada a rikice wajen haɗawa. Tun da aka fara ƙaurar nan yake tafiya kamar shi ya gina duniya.

Ya ce, "Lalia, saura gida biyar a layin nan. Yaushe zan zo da allina?"

Na ce, "Ka kai shi makaranta, yara na nema."

"Ruwan cikar wata zai fi na shekaranjiya, ina gaya miki."

"In yaro ya dawo fa? Ya sauka daga jirgi ya tarar da fili a ƙofar uwarsa?"

"Sai ya ɗaga kai ya ga tudu. Makaho ne?"

Na mayar da idona bakin ruwa. Ya bi inda idona yake, ya ga bishiyar, ya yi tsaki.

"Au, wannan ce? Tawa cibiyar teku ta haɗiye tun Dairon yana rarrafe. Ga ni nan ina cinye miki kifi."

"Kai ai ko mutuwa ba ta sha'awarka, Yaya Miro."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ci biyu, ya sa ɗaya a aljihu. Bayan ya tafi na ga na dafa shinkafa ta mutum biyu kuma.

Asabar, 7 ga Satumba, da yamma

Jirgin ruwa daga birnin Buenaventura ya kawo buhunan banza, aka ce a cika da yashi a tare ruwa. Coci da makabarta suka ɗauki rabonsu, abin da ya saura aka raba wa mu da muka ƙi tashi. Ba su da yawa.

Ni da Baudilia muka yini muna cikawa. Ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta a ina za a jera su. Gidajenmu suna can suna jira, mu kuwa muka nufi gindin kwakwa, kowa da tata.

Ita ɗinke bakin buhu take yi, da koren zaren tsohon tarun marigayi mijinta, ɗinki ƙanana kamar na riga. Ni da tsumma nake ɗaurewa in wuce.

Ta ce, "Komadre, ɗaurin nan naki ko kaza za ta kwance shi."

Na ce, "Ke kuma kafin ki gama ɗinkin amarya teku ta kai babban birni Bogotá."

Komadre muke kiran juna tun da ta riƙe mini Dairon a wurin baftisma, ni kuma na riƙe mata Wilfrido. Ita ce mai waƙar makoki ta garin nan. Duk wanda ya mutu a San Telmo, muryarta ce take raka shi. Da ko wanki take yi sai ka ji tana rerawa ƙasa-ƙasa, har nakan ce mata ta daina kira mana mutuwa. Yau mun yini kafaɗa da kafaɗa, ban ji ko gyaran murya ba. Na gode mata a raina.

Ba mu ambaci yaran ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan coci

Waya ba ta kamawa sai a harabar makaranta, can bisa tudu. Na hau na tsaya riƙe da ita sama kamar mai roƙon ruwan sama. Ba komai.

Da zan sauko na tsaya shago sayen gishiri. Akwai wani mutum zaune yana shan lemo, ba ɗan garin nan ba ne, takalminsa bai san laka ba. Ya ce, "Barka da rana, maman Dairon." Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "A ci gaba da haƙuri. Kuma an gode da yadda ba a yawan magana."

Na san daga wurin masu kayan da yaran suka ɗauka yake, kayan da ba a kiran sunansa a garin nan. Na fito ban ɗauki gishirin ba.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Tana tsaye. Ganye ɗaya ya yi rawaya, amma na ƙasa ne, tsoho. Dama sukan yi haka.

Laraba, da la'asar

Shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke Dairon, yana aji biyu, ita ma ganyenta ya yi rawaya. Ban san me ya sa na tuna ba. Na manta da shi tuntuni.

Juma'a, 13 ga Satumba, da yamma

An kwance gidan su Yurani malamar makaranta yau. Maza suka bi hanyar laka da katako a ka suna waƙa, mata muka dafa musu kifi da agade a ruwan kwakwa. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai ramukan dirkoki da tsohon murhu.

Ƙararrawar coci ma sun ɗauke ta. Shago ya tafi, mai aski ya tafi. Baƙin birni da suke zuwa ranar Lahadi su ci kifi su sayi alawar kwakwata sun daina zuwa, don babu yashin da za su kwanta a kai. Falwayar wuta ta layin farko tana nan tsaye cikin ruwa, tsuntsaye suna hutawa a kanta.

Karnuka ne ba su gane ba. Duk yamma sai su sauko daga tudu, kowanne ya je ya kwanta daidai inda gidansu yake da. Yaya Miro ya ce, "Ga 'yan'uwanki nan, Lalia." Na jefe shi da ɓawon kwakwa. Ban same shi ba, abin ya ba ni haushi.

Tudun ba shi da laifi. Sauro ne, kuma ba a ganin bakin kogi daga can. Daga tagata ina ganin duk jirgin da ya shigo.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Jirgi biyu. Na masu katako, da na fada, limamin cocinmu.

Litinin, 16 ga Satumba, da rana

Baba Aristides ya rasu, tsohon da yake gyaran taru. Tun da aka kai gidansa tudu ya daina cin abinci. Gobe za a kwana makoki, jibi a binne shi.

Sun zo neman Baudilia. Ina jin su daga ɗakina. Ta ce maƙogwaronta ba daɗi. 'Yarsa ta ce, "Inna Baudilia, in ba ke ba wa? Za mu bar shi ya tafi shiru kamar dabba?" Daga ƙarshe ta ce to.

Wata ya kusa cika. Ruwan safiyar yau ya haura buhunan.

Ba na barci, ba na jin yunwa. Ina jin tsoro, gara in rubuta shi yadda yake. Ina jin tsoro tun daga lokacin da na buɗe ido.

Talata, 17 ga Satumba, da la'asar

Kowa ya hau tudu. Na ce kaina yana ciwo.

Na sauka na duba. Ɗaurina ya kwance, yadda ta faɗa. Rabin buhunana sun zama tsumma, yashin ya koma inda ya fito. Saiwar bishiyar Dairon ta fito waje ta ɓangaren teku, har ina iya zura hannu a ƙarƙashi. Ta ɗan karkata. Ba idona ba ne, na auna da dirkar gida.

Na Baudilia ko motsi ba su yi ba. Suna nan a jere, cike, kowanne da koren bakinsa.

Babban ruwan gobe da asuba ne.

Baudilia ta fara waƙar makoki. Iska tana kawo muryarta har nan, ita ta ɗaga, matan su amsa. Na toshe kunne da zani, ina ji duk da haka.

Ba kowa a bakin tekun nan sai ni da karnuka.

Talata, bayan faɗuwar rana

Bayana kamar zai tsinke. Tafin hannuna ya saɓule. Ban san jiƙaƙƙen yashi yana da nauyi haka ba.

Na kifa koren bakinsu ƙasa a gindin ta Dairon.

Ruwa zai share sawu kafin gari ya waye. Na kunna wa Budurwa Maryamu kyandir, na kasa kallon fuskarta, na kashe.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Tana tsaye.

Su biyun suna tsaye, Allah na gode. Kenan ba abin da ya faru.

Baudilia ta sauko bayan jana'iza, muryarta a dishe, farin ɗankwalinta duk laka. Ta daɗe tsaye a gindin ta Wilfrido. Ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinta sosai. Na fito na tsaya a matakala ina goge tukunyar da na riga na goge.

Ta ce, "Komadre, buhunana sun ragu."

Na ce, "Ruwan yau ba na wasa ba ne. Ni ma ya kwance mini."

Ta kalli gindin tamu, ta kalle ni. Ta ce, "Ikon Allah. Ya kan naki?"

"Da sauƙi."

"Ki sha magani. Na ga ma hannunki ya ji ciwo."

Ta shiga gida. Ta je neman buhu da yamma, babu ko ɗaya a garin. Na ga tana tura duwatsun murhun su Yurani zuwa gindin bishiyar, ita kaɗai, da bayanta mai ciwo. Na rufe taga saboda iska.

Alhamis, 19 ga Satumba, da safe

Ta Wilfrido ta faɗi.

Alhamis, da rana

Ba ta yi ƙara ba. Na ɗauka zan ji ƙara. Wata igiyar ruwa ta zo, ta koma, sai kawai bishiyar ta bi ta a hankali, ta kwanta da kanta cikin ruwa.

Baudilia ba ta yi kuka ba. Ta shiga ruwa har ƙugu tana tsinkar kwakwar tana jefowa gaɓa, manya da ƙanana, har waɗanda ba su yi ruwa ba. Mutane suka sauko daga tudu suka tsaya. Matan da suke amsa mata waƙa suka kewaye ta, suka riƙe ta irin riƙon da ake yi wa wadda aka yi wa rasuwa.

Yaya Miro ya yi ta faɗa. "Itace ne fa, jama'a! Itace ne ya faɗi! Ku kalle ni, ina tawa?" Ba wanda ya juyo.

Zan rubuta gaskiya sau ɗaya. Da na ga wadda ta faɗi, abin da ya fara zuwa bakina godiya ce.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Na kai mata miyar kifi. Tana zaune a ƙasa, kwakwar Wilfrido jibge a kusurwar ɗaki. Rigarsa ta ƙwallo tana kan cinyarta.

Ta ce, "Allah ya saka, komadre. Ke kaɗai kika san irin abin da nake ji."

Na ce ta ci tun da zafi.

Ta ce, "Taki tana nan lafiya?"

"Tana nan."

"To madalla. Ko ɗaya ya dawo mana, ai mun samu."

Na fito da sauri, ko kwanon ban ɗauka ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban je coci ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da yamma

An kwance gidan Baudilia. Ita da kanta ta kira Yaya Miro. Ta ce ba abin da take gadi kuma.

Na yi girkin gayya, na fi kowa aiki, na ɗauki kwanon rufi a ka har tudu. Matan suna ta cewa, "Kai, Lalia da komadrenta sai Allah." A 'yan kwanakin nan Baudilia ta zama tsohuwa. Gashinta ba ta taje shi. An ce ta tambayi fada ko za a iya yi wa mutum makoki ba gawa ba labari. Ya ce ta ƙara jira.

Sauran biyun ma sun sa rana. Daga nan sai ni.

Da na dawo na tarar da karenta kwance a filin gidanta, tsakanin ramukan dirkoki. Na ba shi kan kifi.

Tana tsaye. Tana tsaye, kuma ta fitar da sabon fure.

Asabar, 28 ga Satumba, da hantsi

Ruwa yana juya buhunan. Kullum sai na sauka na kifa su.

Na yi mafarkin Dairon yana neman ruwan sha a ɗakina, yana buɗe tulu bayan tulu. Don na kwanta da ƙishi ne.

Litinin, 30 ga Satumba, da la'asar

An yi waya!

Ina shanya kifi na ji ihu daga tudu, na ɗauka wani ne ya mutu. Sai ga ƙararrawar coci. Matar mai shago ta gangaro tana haki ta ce Wilfrido ne. Wilfrido da bakinsa, a wayar malama Yurani. Yana wata ƙasa can arewa, wani babban jirgi ne ya tsince su, an tsare shi, sai yau aka bar shi ya kira. Yana da rai. Ya rame, amma yana da rai.

Na ce, "Su? Ya ce su?"

Ta ce ita dai abin da ta ji kenan, ta juya da sauri wai ta bar tukunya a wuta.

Tare suka tafi. Inda Wilfrido yake, nan Dairon yake, tun suna tsirara haka suke. Wataƙila layi ake bi, ɗaya bayan ɗaya. Gobe shi zai kira. Kuma ashe Yaya Miro ya yi gaskiya, itace itace ne. Ban cuci kowa ba. Ban cuci kowa ba.

Na yi wanka na sa rigar coci. Zan hau.

Litinin, da magariba

Ban hau ba. Na kai bakin hanyar laka na tsaya. Ƙararrawar ta yi shiru tun ɗazu. In da akwai albishir, ai da rabin gari sun gangaro suna rige-rigen faɗa mini. A San Telmo ko akuya ta haihu sai an zo an gaya maka.

Yaya Miro ne kaɗai ya zo. Ya zauna a matakala, hularsa a hannu. Kifi yana kan wuta a gabansa, bai miƙa hannu ba.

Na ce, "Ka ci mana."

Ya ce, "Na ƙoshi, Lalia."

Na ce, "Tun da uwarmu ta haife ka ba ka taɓa ƙoshi ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce Baudilia ta ce kada kowa ya riga ta, ita za ta zo da safe.

Na ce masa ya tashi mini daga matakala.

Talata, 1 ga Oktoba

Ta zo.

Ta zauna a gadon Dairon, ta riƙe hannuna, wanda ya saɓule. Ta faɗi abin da Wilfrido ya ce, daga mutuwar inji har ƙarewar ruwan sha. Ba zan rubuta ba.

Abu ɗaya na tambaye ta. Na ce yaushe.

Ta ce, "Tun ƙarshen Agusta, komadre. Wilfri ne ya yi masa addu'a ya sa shi a ruwa."

Tun ƙarshen Agusta.

Na koma shafin farko na karanta. Ranar da na rubuta tana tsaye, da duk ranakun da suka biyo.

Laraba, 2 ga Oktoba, da yamma

Ba gawa, amma dole a yi masa makokin kwana tara. A shimfiɗa farin zani, a ajiye hotonsa da kofin ruwa, a yi waƙa har hanya ta buɗe masa. In ba haka ba zai yi ta yawo a kan tekun nan yana neman gida. Wannan ma tsofaffi ne suka faɗa. Ba ni da ƙarfin yi musu gardama.

Mutum ɗaya ce take wannan waƙar a San Telmo, kuma al'ada ita ce uwa ta je da ƙafarta ta roƙa.

Da ruwa ya janye na sauka da wuƙa. Na juyo buhunan ɗaya bayan ɗaya, na warware ɗinkin. Ban yanke ba, warwarewa na yi, don zaren mijinta ne. Yashin ya zube. Na naɗe koren zaren ya zama dunƙule, na hau tudu.

Baudilia tana gyaran kwakwar Wilfrido a ƙofar sabon gidan, wanda shi ne tsohon, da alamun alli a jikin kowane katako. Na ajiye dunƙulen a cinyarta.

Ta juya shi a hannu. Ta ce, "Kin warware da kyau. Na ɗauka yankewa za ki yi."

Na ce, "Kin sani."

"Tun ranar Laraba. Kin kifa su, amma ɗaya ya juyo yana kallona."

"Kika ci miyata. Kika ce Allah ya saka."

"Yunwa nake ji."

"Baudilia, kwana da kwanaki kina makokin ɗanki da ransa, ni na jawo miki. Ki zage ni mana. Ki tara mini gari."

Ta ce, "Na tsane ki, komadre, ba zan ɓoye ba. Da na ga ta faɗi, na roƙi Allah ya kayar da taki a gabana. Kullum nake roƙo, har ranar da waya ta zo." Ta share hanci da bakin zani. "Kuma ranar Litinin ɗin nan, kafin makokin Aristides, kina kasuwa, na tsaya a kan buhunanki. Na kama bakin ɗaya. Ba zuciyata ce ta hana ni ba, bayana ne ya ƙi ɗagawa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Muka yi ta kuka, har kajinta suka watse.

Da muka gaji na ce, "Na zo roƙo ne."

Ta ce, "Ni na riƙe shi a gaban fada yana tsala ihu. Ba sai kin roƙa ba. A ina za a yi?"

Na ce a gidansa. A bakin ruwa, inda ya sani.

Ta ce, "To kawo fararen zannuwa. Ga zaren ratayewa ya samu."

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Babban ruwan sabon wata ya zo da asuba, ya fi duk na baya. Ya tafi da matakalata ta ƙasa, ya tafi da falwayar wuta, ya tafi da gangar kwakwar Wilfrido. Ba buhu ko ɗaya a gindin ta Dairon.

Ban so in duba ba. Na duba.

Alhamis, da la'asar

Yaya Miro ya gyara matakala don mutane su iya hawa. Ya ciro alli daga aljihu, ya kalle ni, zai mayar. Na ce bayan kwana tara. Na ce ya fara da bangon ɗakin Dairon, kuma ya rubuta da kyau, ba irin rubutun kazarsa ba.

Ya ce, "Bishiyar fa? In kina so in sare ta, a yi miki benci."

Na ce ya bar ta. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ni ce na yi ta tambayarta abin da ba ta sani ba.

Mata sun rataye zannuwan da koren zare. Hotonsa na kammala makaranta yana kan tebur. Kofin da suka kawo ƙarami ne, na canza shi da babbar moɗa, na cika ta har baki. Na ajiye tulu a ƙarƙashin teburin, a buɗe.

Suna gangarowa daga tudu yanzu, duk garin, da kujeru a ka, karnuka a gaba. Baudilia tana ƙofa ta ɗaura farin ɗankwali. Ta yi gyaran murya.

Zan ajiye biro. Ni ce zan fara amsawa.